Ranar da Na Miƙa wa Ɗiyata Tafin Hannuna

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya fara share mini, har sunayen jikoki sai na yi ta haɗa su, amma ranar da na shiga ajin 'yan mata da ƙafata na tsaya cikin layin waɗanda za a doka, wannan kam ba zan manta da ita ba sai dai in ƙasa ta rufe mini ido.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ke shayar da gonaki, a kan hanyar Managil. Ni kuwa mace ce ta gida. In ba biki ba ko gaisuwar mutuwa, ba ka ganina a waje, har maƙwabta na yi mini ba'a wai ko ƙofar gidanmu ba ta san fuskata ba. Karatuna bai wuce na allo da aji biyu na madrasa ba. Abu ɗaya Allah ya ba ni, shi ne kunne. Ina durƙushe gaban wuta ina zuba kisra, wainar dawan nan tamu mai faɗi, in aka taɓa ƙyaure na san ko wane ne, kuma daga takun yaro nakan gane ko da dariya ya dawo ko da kuka a ciki.

A lokacin 'yan matana biyu ne ke zuwa makaranta. Babbar ita ce 'yar fari. Zazzaɓi ya kwantar da ita wata shekara har aka yanke ƙauna, da ta tashi sai aka maimaita mata aji, daga baya kuma aka sake maimaita mata, to a nan ƙanwarta ta cim mata suka zama aji ɗaya. Ni har murna na yi. Na ce littafi ɗaya ya ishe su, hanya ɗaya za su bi, wata ta kula da wata. Ban san abin da ke cikin aji ba.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke" ko in ce wa ƙanwar "kira yayarki". A ɗakin kakarta, uwar maigidana, take kwana, a can take kai kukanta. In ta faɗi a gabana sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Haka aka yi mini, haka na tarar ana yi, kuma ba rashin so ba ne, Allah ya sani.

Ƙaramar ta so lissafi, hisab kamar yadda suke cewa a makaranta, kamar yadda wasu yara ke son alewa. Tana wanke-wanke tana rera jadawalin nan da Larabci, kaza sau kaza kaza ne, da wata murya mai hawa da sauka kamar waƙar daka. Tun ina jin abin kamar surutu har kunnena ya riƙe muryar, in ta yi tuntuɓe nakan ji, ko da yake in ka tsayar da ni ka tambaye ni guda ɗaya daga tsakiya ba zan iya ba ka amsa ba. Babbar kuwa ba daƙiƙiya ba ce, a hankali take tafiya kawai. In ka ba ta lokaci ta lanƙwasa 'yan yatsunta tana motsa baki, za ta kai. To amma ustazarsu ta hana ƙirga da yatsu. Hannu a kan benci, a jefo miki tambaya, kafin tsumagiya ta sauka a kan tebur ki amsa. Wadda ta tsaya tunani daidai take da wadda ba ta sani ba.

Abin da na fara lura da shi shi ne waƙar ta tsaya. Kwanuka na ƙara, ruwa na zuba, ba murya. Daga nan sai na ji takunsu ya rabu. Da tare suke shigowa suna rige-rigen zuwa wurin tulu, yanzu babbar ta shigo, sai can ƙaramar ta biyo baya tana jan takalmi. Kakarsu ta tsokane ta, ta ce, "Ke aku mai bakin magana, wa ya ɗinke miki baki? Ko hisabin ya ƙare a duniya?" Yarinyar nan da ba ta barin kakarta ta ci bashin magana, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ranar nan na miƙa mata kofin shayi sai na ga ta karɓa da bakin yatsu. Na juya hannun, tafin ya yi jawur ya kumbura. Na ce mi ya same ki? Ta ce ta kasa jadawali ne. Amma zuciyata ba ta yarda ba, don wannan jadawalin ko cikin barci aka tashe ta za ta kawo shi.

Wata ranar bayan azahar ina kwance a ƙarƙashin rumfa, sun ɗauka barci nake. Suna bayan katangar da tulu yake, suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji babbar na cewa, "Gobe in ta tambaye ki, ki faɗi daidai. Kin ji ko?"

Ƙaramar ta ce, "Ba na faɗi."

"Ki faɗi mana. Ki doke ni, ba zafi. Wallahi naki ya fi na sauran sauƙi."

"Yaya, hannuna ya shanye in na sake ɗaga miki bulala."

"To sai a yi ta dukanmu mu biyu? Wace riba aka ci? Dube ki da hannu kamar an soya."

Sai na ji kukan ƙaramar, irin wanda ake toshe baki da gyale. Na daɗe kwance ban motsa ba.

Da yamma na ja ƙaramar kicin na matsa mata, ta faɗa mini komai. Ashe dokar ajin ke nan: duk waɗanda suka kasa amsa sai su fito su jera, wadda ta faɗi daidai a ba ta tsumagiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In ta yi da sauƙi, ustaza ta karɓa ta nuna mata yadda ake yi a kan nata hannun. Ɗiyata ta doki yayarta a gaban 'yan aji, ba sau ɗaya ba, har yara suka fara yi wa babbar waƙa a hanya. Yarinyar da ko abinci ba ta sa hannu sai yayarta ta fara! Shi ne ta yanke wa kanta shawara, duk abin da aka tambaye ta sai ta ba da amsar banza da gangan, ta je ta tsaya kusa da yayarta a sha dukan tare.

Da maigidan ya dawo daga gona na faɗa masa. Ransa ya ɓaci, na gani, amma ya ce, "Ranar da na kai su na ce wa malamai nama nasu ne, ƙashi namu. Da wane baki zan koma?" Kakarsu ta ce ita za ta je, don uwa ba ta tsaya wa 'yar fari a bainar jama'a, sai a ce ba ta da kunya. To amma tsohuwar nan ko bayan gida sai da sanda take kaiwa. Na ce to, Allah ya kai mu.

Da safe, bayan sun tafi, na ɗauko tob ɗina, babban mayafina na biki, na yafa, na bi bakin tur'a. Duk wanda na gamu da shi sai ya tsaya ya ce lafiya, wa ya rasu? Na isa makaranta na tarar da ajin ta wurin muryar ustaza. Na tsaya jikin taga. Yara cike har bakin ƙofa, wasu a benci wasu a ƙasa. Ustazar kuwa matashiya ce, siririya, alli ya ɓata mata hannu, muryarta ta dushe. 'Yan mata sun riga sun jera gaban allo, babbar ɗiyata ta fi kowa tsawo a cikinsu, kanta a sunkuye.

Ustaza ta nuna ƙaramar ta ce, "Bakwai sau takwas."

Ta miƙe ta faɗi wani abu can daban.

Ustaza ta ce, "Ni za ki raina wa hankali? Na san kin sani. Yau ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, ke za ki yi dukan. Zo ki karɓa."

Ta tura mata tsumagiyar dalbejiya a hannu, ta ja ta ta tsayar gaban yayarta. Na ga babbar ta ɗaga tafinta da kanta, har tana gyaɗa mata kai, wai ta yi. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ciki ba. Na yi sallama, ban jira amsa ba, na ratsa yaran nan na je na tsaya a farkon layi, gaban babbar. Na fitar da hannuna daga cikin tob na miƙa wa ƙaramar. Da ɗan Larabcina na kasuwa na ce, "Ustaza, ni ma ban san bakwai sau takwas ba. Ni na haife su. In wanda bai sani ba ake doka, a fara da ni."

Ajin ya yi tsit, har ana jin kukan injin ban ruwa daga can nesa. Ƙaramar ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, tsumagiyar ta suɓuce ta faɗi. Ba wanda ya ɗauka. Can ustaza ta ce wa yaran su koma su zauna, ta ce mini, "Hajja, don Allah mu fita waje."

Na yi zaton faɗa za mu yi, na ma shirya. Amma da muka tsaya gindin bishiya sai na ga ba faɗa ta fito yi ba. Ta ce, "Ban san yaya da ƙanwa ba ne uwa ɗaya, wallahi. Na ɗauka sunan kaka ne kawai ya haɗa su."

Na ce, "In da 'ya'yan wasu ne fa, ɗiyata? Su ba su da uwaye?"

Ta ce, "Haka aka koya mini. Ni ce mai dukan a ajinmu, har na gama ba ni da ƙawa ko ɗaya. Ki duba yawansu, ni kaɗai, ga jarrabawa na tafe. In ban tsorata su ba, ta yaya karatun zai zauna a kansu?"

Na ce mata ni ban san aikinta ba, ba zan koya mata ba. Abin da na sani shi ne a gidana akwai yarinya da ke rera hisabi kamar waƙa, yanzu ta daina, akwai kuma wadda ke fargabar duk safiyar da ake da shi. Ta share ido da gefen mayafinta ta ba ni haƙuri da Larabci, ta ce, "Ma'alesh, Hajja." Daga ranar ba ta ƙara ba wa yarinya bulala ta doki 'yar'uwarta ba. Ita dai ba ta ajiye tata ba, gaskiya, amma wancan ya ƙare.

Na ce a ba ni su mu tafi gida. Muna tafe bakin tur'a sai na ji an kama gefen tob ɗina ta baya. Na ɗauka ƙaramar ce. Da na saci kallo sai na ga babbar ce, ta riƙe gam kamar 'yar yaye. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa riƙe ni haka ba. Ban juya ba, ban kuma janye ba, har muka shiga gida. Mata sun yi ta magana a gari wai na zubar da kunya a kan 'yar fari. Kakarsu ce ta tare mini, ta ce duk mai magana ta zo ta same ta.

Da na so in ce muku komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Babbar ta ƙarasa shekarar, daga nan ta ce ita kam ta gama. Mun yi lallashi, ubanta ya yi faɗa, ta ce a sa ta kowane aiki a gona za ta yi, amma kada a sake tsayar da ita gaban allo. Har ta yi aure ta haihu, in aka ce hisab sai ka ga fuskarta ta canza, ta ce ita kanta ba na wannan ba ne. Ƙaramar ta ci gaba har ta yi nisa, sai dai ban ƙara jin ta rera jadawali a kan wanke-wanke ba.

Da wannan fitina ta yaƙi ta zo aka rufe makarantu, su biyun duk suka dawo gida da 'ya'yansu. Ƙaramar ta fara tara yaran unguwa a rumfata da hantsi, tana koya musu da ƙwallayen dabino. Ta jera su layi-layi a kan tabarma ta ce su ƙirga, da yatsu, da baki, yadda suka ga dama, ba mai kora. Babbar takan zauna can gefe tana ɓarar gyaɗa, ta juya musu baya. Rannan ƙaramar ta jera ƙwallaye ta ce, "To, layi bakwai, kowane layi takwas. Nawa ke nan?" Yara suka duƙufa suna ƙirga. Ni da ke kusa da mai ɓarar gyaɗa sai na ji hannunta ya tsaya. Na ji yatsunta na taɓa bakin kwano ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Can, ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda zai ji sai mai irin kunnena, ta ce, "Hamsin da shida." Sannan ta ci gaba da ɓararta. Ban nuna na ji ba, na dai tashi na shiga ɗaki don kada su ga idona.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, yawancin masu cewa sun ƙi lissafi ba lissafin suka ƙi ba. Sun ƙi tsayuwar nan ce gaban allo, da dariyar 'yan aji, da tsumagiyar da ke sauka kafin mutum ya gama tunani. Ɗiyata ta san hanyar amsar tun tana yarinya, jira kawai take buƙata, kuma ba wanda ya jira ta sai da ta zama uwar 'ya'ya. Don haka duk wanda Allah ya ba yaro ya koyar, ko a aji ko a tsakar gida, in ya yi tambaya ya ɗan dakata, ya bar shi ya gama ƙirga yatsunsa.