Asama'u da Bargon da Ya Mayar wa Uwa Ɗanta

Kafin hayaƙi ya tashi a kowane gida a ƙauyenmu, nan bayan Bagwai, Asama'u ta riga ta ɗora ruwan zafi. Da mahaifinta take farawa, Malam Iliyasu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ɗago shi, ta yi masa alwala, ta jingina shi ya fuskanci gabas. Sannan ta shiga ɗakin mahaifiyarta, Inna Furera, wadda jikinta garau amma tsufa ya ruɗa mata tunani. To, a nan ake daga! Yau Inna ta ce an sace mata ludayi, gobe ta ce ba za ta sha koko ba sai uwarta ta zo, uwar da ta rasu tun Asama'u ba ta yi wayo ba. Sai Asama'u ta yi dariya ta ce, "To Inna, fara sha kafin ta iso." Kuma sai ta sha.

Sai hantsi ya dubi ludayi take samun zama a inuwar rumbu, ta jawo buhun ƙyallayenta. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, allura da zare ne abokan hirarta. Tana haɗa guntayen atamfa da na shadda, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ciki, ta bi da ɗinki ƙanana har su zama bargo mai nauyi. A shekarun nan da mudun gero ya fi ƙarfin talaka, da bargunan nan ta riƙe gidan. A ba ta hatsi, ta ba da bargo, tsofaffinta ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Idan Sallah ta zo kuwa, gidan cika yake da 'yan'uwa da jikoki, ita ce mai tuwo, ita ce mai rabon tabarmi, ita ce mai hana yara tsallake ƙafafun Malam. Doka ɗaya ta kafa: duk wanda ya ɗinka kayan Sallah, ya taho mata da ragowar yadin. "Ni ba goro nake so ba," in ji ta, "ƙyallena za ku ba ni." Da waɗannan ta haɗa wa Inna bargo na musamman, kowa na gidan yana da gurbinsa a ciki.

Mutum ɗaya ne ba ya aiko da komai: yayanta Nababa, ɗan farin Inna. Yana can Kudu yana dako, abubuwa sun tsaya masa, kunyar dawowa hannu Rabbana ta riƙe shi shekara da shekaru. Gurbinsa a bargon sai Asama'u ta cike shi da wata 'yar riga da ta tsinta a ƙasan adakar Inna, rigar Sallarsa ta ƙuruciya, hannunta a ƙone. Man suyar naman layya ne ya fallatsa masa yana yaro, ya ci rigar, ya bar masa tabo a tsintsiyar hannu. Inna, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido ba, amma ga rigarsa ta ɓoye duk tsawon shekarun nan. Kullum da safe ƙyallen nan take lalubawa tana shafawa.

Gab da Babbar Sallar bara Asama'u ta kira shi a waya. "Yaya, ka zo ko da kayan jikinka kaɗai. Inna tana mance mu ɗaya bayan ɗaya. In ka ƙara jinkiri, za ka tarar da ita, amma ba za ta gane ka ba."

Ya zo. Hure maƙwabciyarsu tana wurin, ta kawo musu naman layya domin gidan ba a yanka ba a shekarar, kuma har yau in tana ba da labarin sai ta miƙe tsaye. Nababa ya durƙusa ya gaida Inna. Inna ta zuba masa ido, ta washe baki ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah! Daga wane gari? Yaya sunanka?" Ta yi ta jan sa da hira kamar baƙon kasuwa. Kowa ya san ba ta gane shi ba, domin uwa ba ta yi wa ɗan farinta haka. Ƙaton mutum ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a gemunsa, ya yunƙura zai fita.

"Yaya, zauna!" in ji Asama'u. Ta ɗauko bargon ta yafa masa a gwiwa, ta ce, "Inna, nuna wa baƙo aikina." Hannun Inna ya tafi inda ya saba, ya shafa ƙonannen ƙyallen. Asama'u ta kama hannun Nababa ta ɗora a gefensa. Yatsun tsohuwa suka zame daga ƙunar riga zuwa tabon fata, suka tsaya a nan.

Sai Inna ta janye hannunta da sauri, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Asama'u, wancan ya ci abinci kuwa?"

Wancan! Hure ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Malam Iliyasu, da magana ke yi masa wuya, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kabbara. Nababa yana kuka yana dariya yana cewa, "Ta gane ni! Wallahi ta gane ni! Ban taɓa jin daɗin a juya mini baya ba sai yau."

Asama'u, ke ce kika yi wannan. Ke ce kika san inda hannun Inna yake zuwa da safe, domin ke ce a gefenta kowace safiya. Uwar marasa ƙarfi, mai allura ba gajiya! Mun ga yatsunki sun yi kanta, mun ga kina kai zare kafar allura kina kuskurewa, ba mu taɓa jin kin yi tsaki a kan tsofaffin nan ba. Mun gode, Allah Ya ba ki masu yi miki fiye da yadda kika yi musu.

Ku kuma masu tsofaffi a gida, kada ku jira sai aljihu ya cika. Ku je ku zauna kusa da su tun suna gane ku. Nababa dai bai koma Kudu ba. Yanzu shi ke ɗaga Malam da safe, Inna kuwa har gobe in ya shigo sai ta kau da kai.