Katin Sallamar Mis Tredgold

A garin Wenlow, in aka ce wance ta iya karanta mutum, to Mis Honor Tredgold ake nufi. 'Yar marigayi limamin coci ce, ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ɗan gida bayan kasuwar hatsi, littattafanta sun fi kujerunta yawa. Tun tana budurwa halinta ɗaya: kallo guda za ta yi maka ta yanke hukunci, kuma hukuncinta ba shi da ɗaukaka ƙara. Abin haushin, sau tara cikin goma da gaskiyarta. Na goman ne ya ci ta.

Kowace Alhamis da la'asar matan gari sukan taru a falonta da ɗinkinsu, ta karanta musu labari, irin na 'yan mata masu jiran miji da gwaggonni masu sa ido. Ba ta iya karatu a jere ba. Tana kaiwa tsakiya sai ta kife littafin a cinya, ta ce su lura da wayon mai rubutun: ya ajiye su a bayan idon yarinyar, abin da ta gani kaɗai suke gani, shi ya sa girman kanta yake musu kama da gaskiya. Matan su gyaɗa kai, alhali su dai so suke su ji ko za a yi auren.

Tana da shekara hamsin da shida wata baƙuwa, Misis Averil Stukeley, wadda mijinta ya mutu a teku, ta kama hayar gidan dutse na bakin gada. A al'adar garin, tsohon zama shi ke fara kai gaisuwa, baƙo ya rama cikin mako. Mis Tredgold ta sa hularta ta fita kunya, ta je, ba ta tarar da ita ba, ta bar katin ziyara mai ɗauke da sunanta ta dawo ta zauna jira.

Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, shiru. Ran Alhamis ta uku ta yanke hukunci: matar girman kai gare ta, daga yadda take ɗaga haɓa a coci ma an gani. Shi ke nan, kowace ta ja zarenta. Misis Stukeley ta koma zama ita kaɗai a bencin coci, in ta yi gaisuwa a amsa mata da ka. Wata uku ana haka, sai aka ji ta gaya wa mai gidan cewa ƙarshen Satumba za ta tashi.

Misis Dorcas Oddie, matar likita, ita ta gano bakin zaren, ranar da ta kai wa baƙuwar maganin tari ta hango katin a kan faranti. Ta aro shi ta zo da shi.

"Honor, 'yar'uwa, ina za ki da ba ki gaya mana ba? Ko wani tsohon soja ne ya yi wuf da ke?"

"Kin tsufa da wasa, Dorcas. Mene ne?"

Misis Oddie ta miƙa mata katin, ta ce ta kai shi bakin taga. A kusurwa ga 'yan haruffa uku na sallama, waɗanda ake sawa in mutum zai bar gari, kuma ba a rama irin wannan ziyara. Ragowar katunan da Mis Tredgold ta rubuta ne shekara goma sha biyar baya, lokacin da za ta baro garin Bath bayan jinyar gwaggonta. Ita ba ta yar da ko tsinken ashana, ido kuma ya yi rauni, tabarau kuwa ta ce na tsofaffi ne. Baiwar Allah baƙuwa ta ɗauka Mis Tredgold tafiya za ta yi. Da ta ci gaba da ganinta a coci kowace Lahadi, sai ta fahimci an ce mata ne, cikin ladabi, kada ta tako.

Misis Oddie ta ce a rufe maganar, a ce kati ne ya ɓace. Mis Tredgold ta so hakan ƙwarai, kada ma wani ya ce ba ta so ba. Shekara talatin tana cin abinci da sunan mai gani har hanji. Kwana biyu tana fama da zuciyarta, ko shayi bai yi mata daɗi ba.

Ran Alhamis ba ta buɗe littafi ba. Ta miƙe tsaye, ta ce, "Matar nan ba ta yi komai ba. Ni na kore ta da hannuna, sannan na zauna ina ba ku labarin halinta. Ku ɗauki hulunanku."

Su bakwai suka jera har bakin gada. Suka tarar da akwatuna a ɗaure. Misis Stukeley ta saurari bayanin har ƙarshe, ta yi dariya, dariyar ta juye kuka.

"Da ko sau ɗaya kin tambaye ni, Mis Tredgold," in ji ta.

"Ban saba tambaya ba. Faɗa na saba."

Zama dai bai yiwu ba, don an riga an ba wasu gidan, ƙanwarta kuma na jiranta a garin Ludlow. Mis Tredgold da kanta ta naɗe mata kofuna a tsumma, ta raka keken doki har bayan gari da ƙafa, ga ciwon gwiwa.

Daga nan wasiƙa ta haɗa su, duk wata, shekara goma sha tara. Da Mis Tredgold ta kwanta ciwon ajali, Misis Stukeley ce ta zo daga Ludlow ta yi jinyarta, ita ce kuma ta rufe mata ido.