Shirun Ya'u Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai niƙan masara a Likoro ya san Ya'u. Tun muna samari yake tsaye gaban inji, gari har a girarsa, yana ba mata labari da ihu suna mayar masa da ihu. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ina shaida ko amin ya ce a masallaci sai na gefensa ya razana. Bai iya zama shi kaɗai ba. In ya rasa abokin hira, akuya ma ta ishe shi.

Injin da ya ciyar da shi kuwa shi ya cinye masa kunne. Na hagu ya fara mutuwa, na dama ya biyo baya sannu a hankali. Likita a Zariya bai ɓoye masa ba: ɗan jin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Ya'u ya dawo ya bar wa ƙanensa injin, ya shige ɗaki ya saki labule. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa kasuwa. Da na leƙa shi sai ya ce mini, "Gambo, an binne ni da raina." Wallahi na tsorata, don irin wannan zaman ɗaki shi ke ƙarasa mutum.

Muka yi abin da muka iya, wato muka riƙa cika masa ɗaki. Mu yi ta zuba, shi yana bin bakunanmu da ido, a fashe da dariya bai san dalili ba. Kafin mu tashi mun ƙara masa baƙin ciki.

Ana nan 'yarsa Lubna ta zo hutu daga jami'a. Cikin abin da take karantawa akwai tsofaffin waƙoƙin mutanen Sin da aka juya zuwa Turanci. Ta ce masa wasu dattawa ne suka bar hayaniyar birni, suka koma bakin rafi da gindin duwatsu su kaɗai, suna rubuta abin da idonsu ya gani. Sai ta durƙusa dab da kunnensa na dama tana mayar masa da su Hausa. Waƙoƙin natsuwa ne fa, amma har tsakar gidana nake jin su.

"To wa ake yi wa waƙar?" in ji Ya'u.

"Ba kowa, Baba."

"Ba sarki, ba attajiri? Dutsen ne zai yi masa kyauta? Ai wannan mawaƙi yunwa ce ajalinsa!"

Ya yi dariya, ta farko tun dawowarsa daga asibiti. Washegari ya ce ta ƙaro masa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, ya yi ta nanata shi: wai a ce mutum da ƙafarsa ya tafi neman shiru, shi kuma ga shirun ya zo masa har gida yana gudunsa.

Bayan Lubna ta koma makaranta, wata safiya matar Ya'u ta aiko mini hankali a tashe, ba ya ɗaki, ba ya masallaci. Na bi hanyar fadama ina addu'a, har na hango shi zaune a gaɓar rafi kusa da gonar rake, ƙafafunsa sharkaf da raɓa. Balbelu na ta kiwo a gefensa kamar babu mutum a wurin.

Na buɗe baki zan jero gaisuwa, ya ɗaga mini hannu ya nuna mini ƙasa. Na zauna. Ni mai kunne biyu magana sai cina take, shi kuwa fuska a sake, yana kallon iska tana kwantar da ganyen rake tana tayar da shi. Mun daɗe a haka.

Sai da rana ta ɗaga sannan ya juyo.

"Tun ina yaro nake wuce wurin nan, yau na fara ganinsa," in ji shi. "Na daina jin tsoro, Gambo. Gobe ma ka zo, amma ka bar surutunka a gida."