Na'urar Da Ta Jure Gaisuwar Inno

Duk wanda ya zauna a unguwar Yara a shekarun baya ya san Malam Mijinyawa na gidan waya. Ko bai san fuskarsa ba, ya san doguwar gorar da ya kafa a bayan gida, da wayar rediyon da ya ja daga kanta zuwa bishiyar mangwaro. Siririn mutum ne wanda aikin buga tangarahu ya koya wa tsimin magana. In ka tambaye shi labarin gari sai ya ce lafiya, ya tsaya nan, kamar za a caje shi kuɗin sauran.

Mahaifiyarsa Inno kuwa, kaf Keffi ba wanda ya kai ta gaisuwa. Mace kan ɗora tukunya in ta hango ta tafe, don ta san kafin su rabu shinkafa ta nuna. Za ta tambayi gajiya, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi akuyar da ta haihu bara, ta dawo kan gajiya. Mutum ɗaya ne ba ta samu ta gaisa da shi ba, kuma shi ne abin da ke cin ranta: babban ɗanta Sale, wanda ya bi ayarin mahajjata ta ƙasa tun kafin a sami 'yancin kai, ya maƙale a Sudan. Ga tsufa ya zo mata, ido ya fara dushewa.

Wata shekara wani alhaji da ke fatauci ta can ya kawo labari. Sale yana raye, direba ne a gidan wani likita, likitan kuma yana da rediyo irin wadda ake magana a cikinta a amsa daga wata ƙasa. Jin haka, Mijinyawa ya nemo littattafai. Ya duƙufa karatu, ya tafi Legas ya zauna jarrabawa, ya dawo da lasisin riƙe irin wannan na'ura. Ta bakin alhajin aka shirya da likita cewa za a haɗu ran wata Juma'a bayan la'asar, a kan mita kaza. Saura na'urar kanta.

Lokacin nan ne aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kowa na sayen abin da ke ƙyalli. Obiora, mai shagon rediyo a Sabon Gari, ya samo masa guda biyu daga Legas ya zaɓa. Ɗaya sabuwa fil, 'yar ƙarama, fuskarta na walƙiya. Ɗayar tsohuwa ce da wani kamfanin yin hanya ya gama da ita, baƙa ƙirin, sai da mutum biyu suka kama kafin ta hau tebur.

Obiora ya ce, "Malam, ɗauki sabuwar nan. Ita Turawa ke yayi yanzu. Waccan na kawo ne kawai don ka ga bambanci."

Gaskiya zuciyar Mijinyawa ma tana kan sabuwar, har ya hango inda zai ajiye ta a ɗaki. Amma ya daɗe yana sauraron masu wannan sana'a a rediyonsa, ya san yadda suke yi. Mutum zai faɗi lambarsa, ya ce ina jin ka sosai, ya ce sai an jima, ya saki makunnin da ake dannewa yayin magana. Don masu irin wannan gajeriyar magana aka ƙera abin, shi kuwa ya san wadda zai miƙa wa makirufo.

Ya ce, "Obiora, haɗa min su in gwada."

Obiora ya ɗaura wa kowace kwan fitila a madadin eriya, don kada murya ta fita gari. In an yi magana kwan ya yi haske, in an yi shiru ya mutu. Mijinyawa ya danne makunnin sabuwar, ya gyara murya. Mutumin da bai taɓa haɗa jimla uku a jere ba sai ga shi yana gaisuwa da salon uwarsa: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya mai jiki, yaya baƙunta, yaya bayan rabuwa. Makanikai da masu shaguna suka taru a ƙofa suna kallon ma'aikacin gwamnati yana gaida kwan fitila. Bai kai kan awaki ba sai jikin na'urar ya ɗau zafi, hasken ya yi ja, ya ɗauke.

Obiora ya ce, "Haba Malam, wa zai yi doguwar magana haka a rediyo?"

"Inno."

Obiora ya gane, don shi ma ta taɓa tsare shi a bakin kasuwa. Da kansa ya jawo tsohuwar. Mijinyawa ya gaida kwan tun daga farko har ƙarshe, ya maimaita, ya ƙara da ta'aziyyar mutanen da suka mutu. Na'urar na gurnani a hankali, kwan na ci. A amalanke aka kai ta Yara, mutane na dariya wai ya bar amarya ya ɗauko kakarta.

Ran Juma'ar aka shimfiɗa wa Inno tabarma kusa da tebur. Mijinyawa ya yi ta kiran lambar likita da Turanci, ba abin da ke dawowa sai shuu kamar ruwa a kan kwano. Tsoro ya kama shi sosai. Can sai wata murya ta ɓullo, ta amsa lambarsa, ta ce ga Sale nan a zaune. Mijinyawa ya danne makunni, ya kai makirufo bakin uwarsa.

"Sale, kai ne? Ina wuni."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta tambayi gajiyar hanyar da ya yi tun yana saurayi. Ta tambayi matar da ba ta taɓa gani ba, da 'ya'yan da ba ta san sunansu ba, da maigidansa likita, da ruwan ƙasarsu. Ta yi masa gaisuwar rasuwar mahaifinsa, wadda ta daɗe tana riƙe da ita. Yatsan Mijinyawa ya sandare a kan makunni, hawaye na zuba masa, na'ura kuwa ko gezau.

Da ya saki, sai muryar wani dattijo ta fito, Hausarsa ta gauraya da Larabci. "Lafiya lau, Inno. Lafiya lau." Yana kuka yana amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Yana cikin jero sunayen 'ya'yansa likita ya katse da Turanci.

Inno ta ce, "Me ya ce?"

"Wai tasu na'urar ta yi zafi, a bari ta ɗan huta. Amma suna jin mu."

Ya ɗora tafin hannu a kan tasa na'urar. Ɗumi ne kawai, irin na tuwon da aka rufe. Daɗi ya cika shi har bai san lokacin da ya yi dariya ba.

Inno ta share ido da gefen mayafi, ta matso.

"To su huta. Danna min, ban gaida jikokina ba."