Wa Zai Riga Wa Zuwa Injin Ƙoda

A ofishin wani asibiti a Nakuru ta ƙasar Kenya, inda nake jiran sa hannu, wata mata tana zaune bakin taga. Furfura ta ci rabin kanta, tabaranta ɗaure da zare, shayinta ya huce tuni. Katin wuyanta na ɗauke da sunan Nekesa. Ina hango kwamfutarta, kuma na san aikin: layi goma ne na yaren kwamfuta na C, ɗan ma'aunin da ke ɗaukar majinyata bibbiyu ya yanke wa zai riga wa zuwa injin wankin ƙoda. Wanda ya fi jin jiki ne gaba. In sun zo ɗaya, wanda ya fara zuwa.

Wani mai kwat, da a haife ta haife shi, yana dafe da kujerarta, ɗaya hannun a aljihu.

"Mama, sharaɗi ɗaya kawai za ki ƙara. Mai takardar manya ya hau sama. Ai ba wanda za a cire."

Ko kunya babu! Allah kaɗai ya san shekara nawa ta yi tana haɗiye irin wannan.

Ta zare tabaran. "Ɗana, injinan huɗu ne kacal. Zo ka nuna min da yatsa wanda zai sauka."

Har yanzu yatsan nasa yana aljihu.