Sifirin ɗin Motar Doya

Kan Inna ya bugi rufin mota, ta dafe ƙugu tana salati, alhali ko rabin duwatsun hanyar ƙauyenmu ba mu wuce ba.

A shekarun tamanin ne. Ina kawo mahaifiyata asibiti a Minna saboda ciwon baya, tsohuwar jif ɗita kuwa kullum cikinta na gogar dutse. Na kai wa Malam Audu bakanike a Sauka Kahuta, na ce ya ɗan ɗaga ta.

Bawan Allahn nan ya cusa mata sifirin ɗin babbar mota. Ta yi tsayi kam, amma ta sandare, kowane dutse sai ta yi tsalle da mu.

Na koma masa raina a ɓace.

"Malam, me ka yi wa motata?"

"Oga, duk mai ɗaga mota a garin nan doya yake ɗauka. Loda mata, za ta kwanta."

"Tsohuwa nake ɗauka."

"To, ka haɗa da doya."

Abin takaicin, haka na yi. Har Inna ta rasu, ba ta sake zuwa wajen likita ba sai da doya maƙil a bayanta.

Ku fa, me bakanike ya taɓa yi muku bai tambaya ba?