Gadon da Ƙanwata Ta Zaɓa

Ƙanwata ba ta tashi daga haihuwarta ta fari ba. Jini ne ya ɓalle mata, kafin a samo wanda za a ƙara mata ta riga ta tafi. Ta bar 'ya mace, lafiyayya, mai yawan gashi. Da muka dawo daga ƙauye wajen jana'iza, dangi suka zauna suka ce ni zan riƙe jaririyar, tunda mahaifiyarmu ta tsufa, uban yarinyar kuma malamin firamare ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu na haya a unguwar Television. Ni a Mahuta nake zaune, ina ɗinki a shagon ƙofar gida, autana har ya shiga sakandare.

'Ya'yana duk a gefena suka kwana suna jarirai, ban taɓa jin ɗar ba. Amma wannan karon na yi jiki, ga gajiyar kuka da karɓar masu gaisuwa, in na kwanta sai in yi kamar an ɗauke ni. Wata safiya na farka na tarar zanen rufata ya rufe mata fuska. Tana numfashi, ba abin da ya same ta, amma ni na daɗe zaune a bakin gado ina kallonta. Da na kai ta rigakafi na gaya wa nas, ta ce in nema mata gadonta daban, in ajiye kusa da nawa. Katifa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, a kwantar da ita a rigingine. Ta ƙara da cewa in duba sandunan gefe, kada su yi tazarar da kai zai shiga.

Na kira mijin ƙanwata na gaya masa. Ya ce ai akwai gado. Matarsa ta ba wani kafinta a Makera aikin tun cikin yana ƙarami, an gama, shi ne dai ya kasa zuwa ɗauka.

Ranar Asabar muka tafi tare, na bar yarinyar wurin maƙwabciyata. Kafintan dattijo ne mai farin gemu. Yana hango mijin ƙanwata ya ajiye zarto ya taho da fara'a.

“Oga, sai yau? Ina Madam, an sauka lafiya?”

Ni na faɗa masa cewa ta rasu. Kafintan ya cire hula ya yi salati, ya jawo mana benci. Ya ce yana tuna ta sarai, a kan wannan bencin take zama tana cin gyaɗa tana nuna masa hoto a waya, tana cewa ita dai irin wannan take so, kada a rage komai.

Aka fito da gadon daga bayan shago. Ya yi kyau, ba ƙarya. Fari ne tas, an huda furanni a allon kai da na ƙafa, gefe ɗaya yana sauka da 'yar ƙugiya. Halinta ne sak, tun tana ƙarama ba ta son abu sai mai ado. Na shafa shi ina hawaye. Amma da na dunƙule hannu na tura tsakanin sandunan, sai ya wuce har da saura. Ƙugiyar kuwa da ɗan yatsa na taɓa ta, gefen ya zube. Ga warin fenti har yanzu yana hawa kai.

Na faɗa a hankali cewa yarinya ba za ta kwana a ciki haka ba. Kafintan ya ce abu ne mai sauƙi, zai ƙara sanduna a tsakani, ya toshe furannin, ya kafe gefen da ƙusa, a bar shi ya sha iska.

“Anti, kada a taɓa shi,” in ji mijin ƙanwata. “Shi ne abu na ƙarshe da ta zaɓa da kanta.”

“Na sani. Amma ita ba ta ga kan yarinyar ba. Ni na gani, ƙarami ne.”

Ya juya ya fuskanci titi, manyan motoci suna wucewa, ya tsaya a haka. Na yi ta lallashi, kafintan ma ya sa baki, bai yarda a buga ƙusa ko ɗaya ba.

A ƙarshe na zagaya cikin shagon na ga wani gadon a lungu, ƙarami, ba fenti, ba ado, katako ne kawai da aka goge ya yi sumul. Sandunansa a matse suke, da ƙyar yatsuna uku suka shiga. Na girgiza shi da ƙarfi bai motsa ba. Na sa aka yanko katifa daidai cikinsa, wadda ba ta bar rami a gefe ba, aka kafa masa sanduna huɗu na rataya gidan sauro. Mota ɗaya ta ɗauki gadajen biyu. Aka sauke farin a Television, ni na wuce Mahuta da ɗayan.

Mijin ƙanwata ya daɗe bai zo gidana ba, sai dai ya aiko da madara. Wata Lahadi bayan an tashi coci ya shigo, ya tarar yarinyar tana barci a gadon, hannuwanta biyu a sama. Ya durƙusa ya daɗe yana kallonta ta cikin gidan sauro. Ya ci abincin da na zuba masa, ya tafi. Daga nan ya riƙa zuwa duk mako. Sau ɗaya na je ɗakinsa kai masa saƙo, na ga farin gadon a kusurwa, ya jera kayan matarsa a ciki, atamfofinta a ninke da takalman bikinta.

Yarinyar ta kwana a gadonta har ta fara kama sanduna tana miƙewa. A hannuna ta yi haƙori, a shagona ta fara tafiya, tsakanin keken ɗinki da ƙofa. Tana gab da shiga makaranta uban ya sake aure, aka mayar da shi aiki garin Kakau, ya zo da manyansa suka roƙi a ba shi 'yarsa. Ba ni da abin cewa, tasa ce. Matar kuma mai kirki ce, ban taɓa jin wani abu ba. Ina zuwa ganinta in na samu hali. Da farko takan rugo da gudu tana kirana Mama. Zuwan da na yi na ƙarshe ta gaishe ni da ladabi, ta ce sannu da zuwa Anti, ta koma wajen wasanta.